Amsa: ina ake kwantar da masu agana a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya?

Malam ka tambaya ko asibiti ɗaya ake haɗa masu agana da sauran marasa lafiya, a'a gaskiya ware su ake yi. A 1867 aka kafa hukumar Metropolitan Asylums Board mai kula da talakawa marasa lafiya a Landan, ta buɗe asibitoci a unguwannin Hampstead da Homerton da Stockwell, sai ga annobar agana ta 1871 ta cika su maƙil har gado ya yi ƙaranci. Maƙwabtan Hampstead kuwa suka ce ba za a ajiye musu cuta a ƙofar gida ba, har kotu aka je. Shi ya sa daga baya aka koma kwantar da masu aganar cikin jiragen ruwa masu suna Atlas da Castalia kan kogin Thames, can kusa da garin Dartford. Abin tausayi wallahi, a ɗauke yaro daga hannun uwarsa a sa shi jirgi, ita tana tsaye bakin ruwa.