Kafin ka ƙaro mota ta biyu, leƙa tankin ta farko

Wani mai karatu a Houston ta Amurka ya rubuto yana neman shawara. Yana bayar da hayar motarsa mai ɗakin kwana da banɗaki ta Outdoorsy, shafin intanet na hayar irin waɗannan motoci. Ma'aunin tankin banɗakin kullum a cike yake nunawa ko an zubar, masu haya na ta ƙorafi, har sau biyu yana canza shi. Ɗan yayansa ne ke wanke motar. Yanzu yana so ya ci bashi ya ƙaro ta biyu.

Malam, ajiye maganar bashin nan tukuna. Ma'auninka lafiyarsa lau, kuɗinka kawai ka zubar. 'Yan ƙarafa ne a jikin tankin, da ruwa ya taɓa su sai fitila ta kama. Idan jiƙaƙƙiyar takarda ko busasshen bahaya ya manne musu, haka za su yi ta nunawa. Ba a wanke tankin nan, kuma ba ka sani ba, domin ka miƙa wa yaron makulli ka juya baya. Kunyar yayanka ta hana ka tambaya. Ina littafin da aka rubuta ranar wanki da wanda ya duba? Babu.

Na san wani da ƙanensa ke barin bawul ɗin zubar da ruwan tankin a buɗe don gudun wahala. Ruwa ya tsiyaye, dattin ya taru ya daskare a ƙarƙashin masai, wari ya kori masu haya, suka rubuta a shafinsa. Lokacin zafi guda, kakar hayar, motar na ajiye a ƙofar gida.

Kira masu wanke tanki da ruwa mai ƙarfi, wajen dala 200 zuwa 300 ne, sau ɗaya. Daga nan doka: bawul a rufe sai tanki ya kai biyu bisa uku, a fara zubar da na banɗaki kafin na tankin ruwan wanka. Sayi gwiwar roba da ake ganin cikinta ka ɗaura a bakin tiyo. Duk dawowar mota, yaron ya yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, ya turo maka bidiyo da kwanan wata. Babu bidiyo, babu kuɗin aiki, kuma ka faɗa wa yayanka wannan da bakinka tun yau.

Idan ka yi wata shida ba ƙorafi, kawo mini littafin mu duba maganar mota ta biyu.