Laftof ɗina ta tsufa, dole sai na sayi sabuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da laftof tun 2015, yanzu in an kunna ta sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta buɗe, ga shi kuma tana nuna min wai lokacin Windows 10 ya ƙare. Ɗana ke karatu da ita. An ce min in rabu da ita kawai in sayi sabuwa. Akwai kuma tsohuwar wayata a durowa. Mene ne shawara?
Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki yi saurin rabuwa da ita. Yawancin kwamfutocin wancan lokacin ba ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji ba, ma'ajiyar bayanan ce, wato had disik ɗin nan mai faifai da ke juyawa a ciki, in kin kasa kunne ma za ki ji shi yana ƙar-ƙar lokacin da take ƙoƙarin tashi. Ki kai wa mai gyara ya cire shi ya sa miki SSD, wato sabuwar irin ma'ajiyar bayanai, shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma wallahi bambancin sai kin gani da idonki, na'urar da ake jira mintuna sai ta dawo tashi cikin daƙiƙu. In RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ake yi a lokacin, 4GB ne kuma ana iya ƙara mata, a mai da shi 8GB, sannan tunda an riga an buɗe a goge ƙurar da ta toshe fanka, don zafi ma yana sa ta rage gudu.

Maganar Windows gaskiya ce, Microsoft ya daina tura wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin na'urar, da farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na baya-bayan nan, in Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, to ta 2015 ba ta kai ba. Ba wai za ta mutu ba ne, za ta ci gaba da aiki, sai dai ɓarakar tsaron da aka gano daga baya ba lallai a toshe ta ba. Mafita a sa mata Linux Mint, wato wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, kyauta ne, ba shi da nauyi, yana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi da Firefox na shiga intanet, ko ChromeOS Flex na Google in duk aikin yaron a intanet yake. Amma fa a kwashe hotuna da takardu a filas tukuna, kuma ki tambayi ɗanki ko akwai wata manhajar da makaranta ta ce sai da Windows take aiki.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake zubar da kayan da ba su mutu ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a duniya, kuma ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata ba.

Ita kuma wayar, fara duba batirin. In kin ga bayanta ya ɗago ko gilashin ya fara rabuwa da jiki to batirin ya kumbura, kar ki sa ta a caji, kar a matsa ta, yana iya kamawa da wuta, a canza shi kawai. In lafiya lau yake, a saukar wa yaro littattafai da ƙamus da darussa a kai ya riƙa karantawa ko ba data. Harkar banki dai kar ki yi da ita in ta daina samun sabuntawa. In kuma kyautar da ita za ki yi, ki cire akawun ɗinki na Google kafin a yi mata riset, in ba haka ba za ta kulle ta ce sai an sa imel ɗinki da fasawod kafin ta buɗe wa wanda kika ba.