Gansakuka, Ruwan Kwata da Mai: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ji an ce ana tace gurɓataccen ruwa da kainuwa, har a samu mai daga gare ta. Haka ne?

Amsa: Wataƙila wanda ya faɗa maka haka ya gama abubuwa biyu ne daban. Kainuwa tsiro ce mai ganye da saiwa da ke yawo a kan ruwa, shi ya sa aka ce kainuwa dashen Allah. Ana tsabtace ruwa da kainuwa ma, amma idan ana maganar samun mai, abin da masu bincike suka fi nufi gansakuka ce, koren nan da ke rina ruwan da ya daɗe a kwance, kuma ƙananan cikinta, irin su Chlorella da Scenedesmus, ba a ganin ƙwayarsu sai da madubin ƙara girma. Ina mamakin masu fassarar da duk wani kore da ke cikin ruwa suke kiransa kainuwa, alhali kalmar gansakuka tana bakin kowane yaro. Ruwan kwata cike yake da sinadaran naitirojin da fosforas, waɗanda su ne takin gansakuka. Ana zuba shi a tafkuna marasa zurfi, kamar santimita 30, ana juya shi da fanka domin rana ta ratsa shi. Gansakuka ta shanye takin ta saki iskar oksijin, ƙwayoyin bakteriya su yi amfani da iskar wajen cinye ƙazanta. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fara wannan aiki tun shekarun 1950.

Tambaya: "Tace ruwa" ko "tsarkake ruwa"?

Amsa: Tacewa aikin rariya ne, tsarki kuwa yana da nasa muhallin. A ce "tsabtace ruwa".

Tambaya: Wane karin magana ya dace da wannan dabara?

Amsa: Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin abin da mai tsabtace ruwa yake neman rabuwa da shi, shi mai noman gansakuka zai saya da kuɗi. Amma kada a ja karin maganar fiye da inda ya tsaya, kamar yadda masu ɗoki suke yi. Gansakuka ta fi tara mai a jikinta idan naitirojin ya yi mata ƙaranci, ruwan kwata kuwa ƙoshi yake ba ta, sai ta yi yawa amma man da ke jikinta ya ragu. Ga kuma wahalar girbi, tun da a irin waɗannan tafkuna abin da ake samu a lita guda yawanci bai kai giram 1 ba, kuma raba shi da ruwa yana cin makamashi. Gwamnatin Amurka ta gudanar da bincike kan man gansakuka daga 1978 zuwa 1996, sannan ta rufe shirin, a lokacin da man fetur yake da araha. Wasu sun fi ganin a ruɓar da ita a samu iskar gas.

Tambaya: Jam'in gansakuka fa?

Amsa: Ba ta buƙatarsa, a ce "nau'o'in gansakuka".