Ƙaramin teriya ba karen zaman ɗaki ba ne

'Yar'uwa, kin ce kina son ɗauko ɗan ƙaramin kare irin teriya saboda gidanku ba fili sosai, kuma kina ganin ƙarami ba zai ba ki wahala ba. Na daɗe ina riƙe da Jack Russell, wani nau'in ƙaramin teriya, don haka gara ki ji tun kafin ki ɗauko: jikin ne kawai ƙarami.

Asalinsu karnukan farauta ne. Wani limamin coci a Ingila, John Russell, shi ya fara kiwon irin nawa a ƙarni na 19, don su kutsa rami su koro yanyawa. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8 ne, amma jinin farautar yana nan daram. Da nawa ya ji motsin ɓera a bayan buhu sai ya sandare, ƙafa ɗaya a ɗage, hanci na rawa, ko nama kika nuna masa ba zai waiwayo ba. Daga nan sai tono. In akwai kaji ko zomaye a gidan, ki raba musu wuri, kada ki ce ai sun saba. Ki duba ƙarƙashin ƙofa ma, don inda kansa ya shiga, jikinsa zai bi.

Ƙarancin fili ba shi ne matsala ba, lokacinki ne abin dubawa. Yana bukatar yawo da guje-guje na aƙalla awa ɗaya kullum, safe da yamma. Ranar da bai samu ba, a kan takalmanki zai huce, maƙwabta kuma su sha haushi. Abin da ya fi gajiyar da shi, a nawa ganin, aikin hanci ne: ki ɓoye 'yan gutsattsarin abincinsa a wurare daban-daban ki bar shi ya nemo. Yana gamawa sai barci.

Wajen horo, don Allah ban da duka. Suna da kaifin basira da taurin kai, duka kuwa tsoro yake sa musu, kare mai tsoro kuma shi ke cizo. Minti biyar-biyar ya isa, da ɗan abin sawa a baki duk lokacin da ya yi daidai. Kowa a gidan ya riƙe kalmar umarni ɗaya. Yara kuma a hana su jan jelarsa ko taɓa shi yana cin abinci.

Rigakafi yana farawa tun ɗan kwikwiyo yana da sati 6 zuwa 8, na haukan kare kuma wajen wata 3. Likitan dabbobi zai tsara miki sauran, har da maganin tsutsar ciki da na kaska. Cakulan, albasa da inabi guba ne gare shi. Ƙananan karnuka suna yawan fama da ciwon haƙori, saboda haka ki saba masa da burushi tun yana ƙarami, da man da aka yi don karnuka, ba namu ba.

Jack Russell yakan kai shekara 13 zuwa 16. In kuwa Yorkshire teriya kike nufi, wanda bai wuce kilo 3 da ɗoriya ba, shi sai kin taje gashinsa kullum, kuma ki ɗaura masa igiya a ƙirji maimakon wuya, don maƙogwaronsu ba shi da ƙwari.