Tambaya da Amsa: Zaga Bakin Tekun Barsalona a Kan Segway

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekaruna 58. Ɗana yana karatu a Barsalona ta ƙasar Sifaniya, kuma ya gayyace ni da mahaifiyarsa mu kai masa ziyara. Ya aiko mini da hoton wani abin hawa mai taya biyu a jere, wanda mutum ke tsayawa a kansa babu kujera, ya ce sunansa Segway, kuma ya kama mana gurbi a ayarin da ɗan jagora zai zaga da shi cikin gari da bakin teku. Ni ko keke ban taɓa iyawa ba. Anya ba neman karaya yaron nan yake mini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin iya keke ba zai hana ka hawa wannan abin ba, domin aikin da mai keke yake yi da jikinsa don kada ya faɗi, a nan injin ne yake ɗaukar nauyinsa. Wani Ba'amurke mai suna Dean Kamen ne ya ƙirƙiro shi, ya fito da shi fili a watan Disamba na 2001. A ƙarƙashin dandamalin da ake ɗora ƙafa akwai ƙananan na'urori biyar masu auna juyawa, da wasu masu auna karkata, suna sanar da kwamfutar ciki halin da jikinka yake ciki kimanin sau 100 a kowace daƙiƙa. Idan ka ɗan rinjaya gaba, tayoyin sai su gangara gaba su shiga ƙarƙashinka kafin ka kife, kamar yadda yaro ke ɗora sanda a tsaye a tafin hannunsa yana bin ta da hannun duk inda ta karkata. Saboda haka babu totur, babu giya, babu birki irin na babur. Rinjayawa gaba ita ce tafiya, komawa baya kaɗan ita ce tsayawa, idan kuma za ka sha kwana sai ka karkatar da sandar da kake riƙe da ita zuwa hagu ko dama.

Ba zan ɓoye maka ba, minti biyar na farko babu daɗi. Ranar da na fara hawa, a wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, ɗan jagoran ya riƙe sandar da hannu biyu ya ce in ɗora ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, in kuma kalli fuskarsa kada in kalli ƙasa. Ina hawa sai gwiwoyina suka kama rawa, abin kuwa ya shiga kai da komowa kamar akuyar da aka ɗaure a turke, domin duk motsin da tsoro ya sa na yi, shi umarni ya ɗauke shi. Sai da na saki jiki, na sassauta riƙon da na yi wa sandar, sannan ya tsaya cik. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan ware minti goma zuwa sha biyar don wannan horo kafin a fita titi, kuma idan ka ga ba ka gamsu ba, ka nemi a ƙara maka, babu abin kunya a ciki. A ayarinmu wata tsohuwa mai furfura ta riga samarin gwanancewa, don ita ba ta yi gardama da injin ba.

Abin da ya fi shekaru muhimmanci shi ne ƙarfin ƙafa da nauyin jiki. An ƙera shi ne don mai nauyin kilo 45 zuwa kusan 118, kuma dole mutum ya iya hawa da sauka daga matakala ba tare da an riƙe shi ba, ya kuma jure tsayuwa ta awa biyu ko fiye. Tafin ƙafa yakan yi sanyi ya mutu bayan rabin awa, don haka duk inda aka tsaya ɗaukar hoto ka sauka ka ɗan taka. Idan kai ko Hajiya kuna fama da jiri, ko ciwon gwiwa mai tsanani, ko an yi wa ɗayanku tiyata a gadon baya kwanan nan, ku haƙura ku hau motar yawon buɗe ido mai bene. Ba a kuma yarda mace mai juna biyu ta hau ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce daga Damagaram, zan je taro na kwana uku a Barsalona, kuma yini ɗaya kacal zan samu na ganin gari. Me ake gani a irin wannan zagaye, kuma ya fi tafiya a ƙasa? Sannan ni mai sa doguwar riga da hijabi ce, ko hakan zai zama matsala?

Amsa: Malama, amsar ta rabu biyu, domin Barsalona ta bakin ruwa daban take da Barsalona ta cikin lungu. A bakin ruwa Segway ya fi ƙafa nesa ba kusa ba. A cikin tsohon gari kuwa ƙafarki ta fi shi, kuma zan faɗi dalili.

Yawancin ayari sukan tashi ne daga kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, wadda ake kira Port Vell. A nan za ki ga hasumiyar Kolombus mai tsawon mita 60, wadda aka gina don baje kolin duniya na 1888, saboda a wannan birni ne Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka karɓe shi a 1493 bayan dawowarsa daga tafiyarsa ta farko zuwa ɓangaren Amurka. Ki lura da yatsansa: teku yake nunawa ta wajen kudu maso gabas, ɓangaren Afirka ta Arewa, alhali ita Amurka tana yamma, kuma 'yan jagora ba sa gajiya da yin raha a kan wannan. A gindin hasumiyar ne titin La Rambla ya ƙare, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci ta rairayi, domin wurin a da kwarin rafi ne da yakan ƙafe. Gefe kaɗan kuma ga tsohuwar maƙerar jiragen ruwa ta sarakuna, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 13, yanzu ta zama gidan tarihin sufurin teku.

Daga nan hanya takan bi ta gefen kwale-kwalen attajirai zuwa Barceloneta, unguwar masunta da aka fara ginawa a 1753, mai siraran tituna da shanya a kan tagogi. Da zarar an fito daga cikinta sai Bahar Rum ta buɗe a gabanki, kuma a nan ne kuɗin da kika biya yake halatta. Hanya ce mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, iska tana kaɗawa, kina tsaye sama da kan jama'a da kusan taƙi guda, kina ganin otal ɗin W mai siffar filafilan jirgin ruwa a ƙarshen kudu, da dogayen benaye biyu masu tsawon mita 154 a arewa, da katafaren kifin ƙarfe mai ruwan zinariya da mai zanen gine-gine Frank Gehry ya zana. Wanda ya ga wurin yau zai yi wuya ya yarda cewa kafin gasar Olamfik ta 1992 yawancin wannan gaɓa masana'antu ne da layin dogo da ɗakunan ajiya, har ana cewa birnin ya juya wa teku baya. Don gasar ne aka kwashe su, aka zubo yashi, aka samar da rairayin bakin teku da ya haura kilomita huɗu. Mai tafiya a ƙasa cikin zafin Yuli zai gaji tun bai kai rabi ba.

A hanyar dawowa akan ratsa lambun Ciutadella. Asalinsa sansanin soja ne da Sarki Philip na Biyar ya gina bayan ya ci birnin da yaƙi a 1714, ya rushe wani ɓangare na unguwar La Ribera don ya samu fili, ya kuma sa wa mutanen gari ido. Sun tsani sansanin har aka fara rushe shi a 1869, kuma a yau majalisar dokokin Kataloniya, yankin da Barsalona take ciki, tana zama ne a ɗaya daga cikin gine-ginensa da suka rage. Daga nan sai ƙofar jan bulo ta Arc de Triomf, ita ma ta 1888.

Tsohon gari kuwa, wanda ake kira unguwar Gotik, lunguna ne irin na cikin birnin Kano ko unguwar Birni a Damagaram, wasu ma mutum biyu ba sa jerawa cikin walwala, ga cunkoso, ga daɓen duwatsu. Wanda ke kan Segway idonsa yana kan hanya da duga-dugan mutane, ba zai ɗaga kai ya ga ragowar ganuwar Rumawa ba. Ita ma doka ta taƙaita shiga. A 2017 hukumar birnin ta kafa ƙa'idojin da suka tilasta wa masu wannan sana'a fita da ɗan jagora, cikin ƙaramin ayari, a kan hanyoyin da aka ware, tare da hular kwano da inshora, kuma tun Janairun 2021 dokar Sifaniya ta hana irin waɗannan ababen hawa bin gefen titi na masu tafiya a ƙasa. Mazauna unguwannin ne suka yi ta ƙorafi, kuma a ganina suna da gaskiya, don babu mai son a riƙa ratsa ƙofar gidansa da ayarin baƙi daga safe har dare. Shawarata ita ce ki yi bakin teku da safe a kan Segway, ki yi tsohon gari da yamma a ƙafa.

Game da sutura, hijabi ba ya hana komai, hular kwano tana zama a kansa idan ba ki yi babban ɗauri a ƙeya ba. Abin tsoro shi ne duk abin da ke jan ƙasa ko yake lilo, domin tayoyin suna dab da idon sawunki, kuma iskar teku takan kaɗa mayafi. Ki sa rigar da ta tsaya a idon sawu da wando a ciki, ki cusa gefen mayafin, ki sa takalmi sau-ciki mara tsini, ki bar silifa a masauki. Wannan gargaɗin ya shafi Alhajin da ya yi tambaya ta farko: babbar riga ta jira ranar Juma'a, kaftani ya wadatar. Ya kamata kuma ki san cewa a lokacin zafi mutanen can suna kwanciya a bakin ruwa da shigar da ba mu saba gani ba. Idan hakan zai dame ki, ki zaɓi ayarin farko na safe, ko ki gaya wa ɗan jagora tun kafin a tashi. Abincin halal da ƙananan masallatai suna nan a unguwar El Raval, tafiyar 'yan mintoci daga La Rambla, inda 'yan Pakistan da Maroko suke da yawa. Ki riƙe jakarki ta gaba a wannan yanki, don 'yan sane sun yi suna a wurin.

Tambaya: Ni matashi ne daga Kumasi, masoyin ƙungiyar Barsalona. Zagayen yana kaiwa filin Camp Nou?

Amsa: Ɗana, zagayen bakin teku ba ya kaiwa can. Filin yana unguwar Les Corts ne, can cikin gari ta yamma, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauƙi da araha. Ka ware masa lokacinsa daban. Idan kuma za ka zo da ƙanenka, ka tuna cewa ƙa'idar birnin ita ce sai wanda ya kai shekara 16 zai hau Segway.

Tambaya: Na ji an ce mai kamfanin Segway kansa a kan abin ya mutu, kuma an daina ƙera shi. Idan haka ne, don me za a ɗora baƙi a kai?

Amsa: Duka biyun gaskiya ne, amma akwai gyara. Wanda ya mutu ba Dean Kamen ba ne, wani attajiri ne ɗan Ingila mai suna Jimi Heselden, wanda ya sayi kamfanin, kuma a watan Satumba na 2010 ya faɗo daga kan wani gangare zuwa cikin kogin Wharfe a kusa da gidansa, yana kan samfurin da aka yi don hanyar daji. Shugaban Amurka na lokacin George Bush ƙarami ma ya taɓa tuntsurowa daga kai a 2003, sannan a 2015 wani mai ɗaukar hoto da ke kan Segway ya kwashe ƙafafun ɗan tsere Usain Bolt a filin wasa na Beijin, bayan tayarsa ta hau wani ƙarfe a gefen hanya. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kama da haɗarin da ɗan yawon buɗe ido zai iya gamuwa da shi. Injin yana tsare ka daga faɗuwa gaba ko baya, amma idan taya ɗaya ta daki dakali, ko ta goga tayar na kusa da kai, ko ta zame a kan jiƙaƙƙen yashi, ba shi da dabara. Gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba, amma nauyinsa ya kusa na buhun siminti, don haka idan ya hau ƙafar mutum zai ji a jikinsa.

Daina ƙera shi kuwa maganar kasuwa ce. Ya fito da tsada, kusan dala 5,000, mutane ba su saye shi don zuwa aiki ba kamar yadda aka yi zato, sai 'yan sanda da masu gadin manyan kantuna da kamfanonin yawon buɗe ido suka rungume shi. Kamfanin Ninebot na ƙasar Sin ya saye shi a 2015, kuma a watan Yuli na 2020 aka tsayar da ƙera shi bayan an sayar da kimanin 140,000. Ma'anar wannan a gare ka ita ce yawancin waɗanda ake haya a yau sun kwana biyu, wasu kamfanonin ma sun koma ba da ƙananan samfura ko babura masu lantarki da sunan Segway. Kafin ka biya kafin alƙalami, ka tambaya wane iri za a ba ka, mutum nawa ne a ayarin, ko kuɗin ya haɗa da inshora, da kuma abin da za a yi idan aka yi ruwan sama. Ranar fita ka duba tayoyin da idonka, ka ga alamar cajin batir a cike, ka bar tazarar tsawon mota ɗaya tsakaninka da na gabanka, kuma idan hoto ya ja hankalinka ka tsaya ka sauka tukuna, sannan ka ciro wayar.