Likita an ce ƙashina ya zaizaye, shikenan ba za a dasa min haƙori ba?

Salam likita, shekara 7 kenan da aka cire min turame biyu na ƙasa, yanzu na je a dasa min wasu sai aka ce wai ƙashin wurin ya zaizaye ba zai riƙe ba. Dan Allah shikenan sai haƙorin roba?

Wa'alaikis salam Hajiya, a'a ba shikenan ba. Kin ga ƙashin muƙamuƙi tauna ce ke raya shi, da zarar an cire haƙori wurin ya daina aiki sai jiki ya fara janye ƙashin a hankali, a shekarar farko kaɗai faɗinsa kan iya raguwa kusan rabi, to balle shekara 7. Shi kuwa dashen wata 'yar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashi har su manne su zama abu ɗaya, wani likita ɗan Suwidin mai suna Branemark ne ya fara yi wa mutum a 1965, to in ƙashin ya sirance ƙusar ba ta da inda za ta kama. Sai a fara gina wurin tukun. Ana ɗebo ƙashi kaɗan daga haɓarki ko can ƙarshen muƙamuƙi, ko a zuba garin ƙashin saniya da aka tace, ko wanda aka haɗa a masana'anta, a rufe da wata siririyar fata a ɗinke, jikinki ne zai bi ta ciki ya tofo sabon ƙashi. Jira dai sai kin yi, wata 4 zuwa 6 ko fiye, in an sa ƙusar ma a sake jiran wasu watanni kafin a ɗora haƙorin. Af, ita wannan fatar wasu kamfanoni daga jikin alade suke yinta, ki tambaya tun kafin ranar aiki, akwai wadda ba ta dabba ba.

Likita ina da suga kuma ina ɗan taɓa sigari, za a iya min?

Malam suga in ya daidaita ba ya hanawa, a yi maka gwajin jinin nan na HbA1c mai nuna yadda sugarka ta kasance a 'yan watannin baya a gani. Sigarin ce ta fi damuna gaskiya, tana rage jinin da ke zuwa dasashi ciwo ya ƙi warkewa, in ba za ka ajiye ta ba kuɗinka kake neman jefawa a rijiya.

Mahaifiyata shekararta 66, tana shan alendronate saboda raunin ƙashi, na sama take so a dasa mata.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Shekarunta ba matsala ba ne, maganin ne dole likitan haƙori ya san da shi da tsawon lokacin da ta yi tana sha, don irinsa wani lokaci yana sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan tiyata, na allura ma ya fi haɗari musamman wanda ake ba masu ciwon daji. Kada ta daina sha da kanta fa. Sannan ƙashin sama dama ya fi na ƙasa taushi, ga kogon iska a samansa kusa da hanci, sau da yawa sai an ɗaga ƙasan kogon an cusa garin ƙashi. Ku fara yin hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna ƙashin muƙamuƙi ta kowane ɓangare, shi zai nuna tsayi da kaurin abin da ya rage mata.