Miksin, mastarin da muryar da ke fashewa a waya

Tambaya: Malam, ni sabon mawaƙi ne. Na ɗauki waƙa a wani situdiyo, da na saurare ta a waya sai na ji muryata tana fashewa duk inda na ɗaga ta. Furodusa ya ce sai an yi miksin da mastarin, ya kuma ce in daina turo masa MP3, WAV yake so. Don Allah a fayyace mini.

Amsa: Ƙanena, fashewar nan ita ta fi damuna, don haka da ita zan fara. Kwamfuta tana auna ƙarfin sauti da desibel, wanda ake rubutawa dB, kuma tana da iyaka a sama, wato 0 dB. Idan murya ta haura wannan iyaka lokacin ɗauka, sai a sare kan sautin, mita ta nuna ja. Shi ne 'yan situdiyo ke kira kilifin. Abin da aka sare kuwa ya riga ya tafi.

Ka koma situdiyon ka ce a kashe kiɗa, a kunna maka muryarka ita kaɗai. In ka ji ta fashe a haka, sake ɗauka za a yi, kada ka yarda a ce mastarin zai gyara. A rage ƙarfin makirfo ta yadda inda ka fi ɗaga murya ba zai wuce -6 dB ba, wato dB shida ƙasa da iyakar nan, ka kuma tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfon, da 'yar ragar nan a tsakaninku don iskar "b" da "f" kada ta doke shi. In kuwa muryar tana nan garau, to wajen haɗawa aka cika ƙara, wannan mai sauƙin gyara ne.

Miksin shi ne haɗawar. A manhajar haɗa sauti irin FL Studio ko Cubase kowane sauti layinsa daban: murya, amshi, fiyano, kalangu. Injiniya zai daidaita ƙarfinsu, ya raba wasu dama wasu hagu, ya rage ƙugi da ikwalaiza, ya sa kwamfuresa don raɗa da ihu su kusanci juna. Nan ne mafi yawan aikin yake. Mastarin yana zuwa bayan an dunƙule komai ya zama fayil ɗaya, a goge shi yadda zai yi daɗi a waya, a mota, da a lasifikar biki. Neman ƙara da yawa a nan asara ce, tunda dandalin sauraren waƙoƙi na Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta), mai ƙara sosai rage masa ake yi.

Batun WAV, furodusanka yana da gaskiya. WAV mai ingancin faifan CD yana riƙe samfur, wato awon sautin, 44,100 a kowace daƙiƙa a kan bit 16, minti ɗaya ya kai kusan MB 10. Bit ɗin nan ma'aunin kwamfuta ne, ba bit da ake kiran kiɗa da shi ba. MP3 na 128 kbps (yawan bayanan da yake riƙewa a kowace daƙiƙa) minti ɗaya kusan MB 1 ne, saboda an zubar da wani ɓangare na sautin, kuma duk sake matsawa sai an ƙara zubarwa. Ku yi aiki da WAV, ku ɗauka a bit 24, sai an gama komai a fitar da MP3 na rabawa. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokumen don fayil ɗin ya isa yadda yake.